Tambaya da Amsa: n + ik ne ko n − ik, wanne za a bi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sashen fiziks, furojet ɗina a kan ƙurar hazo ne, wato yadda ƙwayoyin ƙurar nan da ke sauko mana lokacin hunturu suke warwatsa hasken rana da kuma nawa suke shanyewa a ciki. Na samo rifiraktib indes na ƙurar Sahara a wata takarda an rubuta shi 1.53 − 0.008i, na saka shi a wani kod ɗin Python na lissafin Mie, wato lissafin yadda ƙananan ƙwayoyi ke warwatsa haske, da na sauko daga intanet, sai kwamfuta ta ba ni shanyewar haske da alamar mainos, albedo kuma, wato kason hasken da aka warwatsa, ya haura 1, kamar dai ƙurar ce ke ƙara wa rana haske. Na kai wa sufabaizana ya ce ai n + ik ake rubutawa, takardar ce ta yi kuskure. Wani malamin kuma da ya karanta injiniyan lantarki ya duba ya ce a'a, n − jk shine daidai tun fil azal. Wallahi kaina ya ɗaure Malam, ga difens saura sati uku. Dan Allah waye ke da gaskiya a cikinsu, kuma me zan rubuta?

Daga wata ɗaliba, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah 'yata, Allah ya ba da sa'a. Ki kwantar da hankalinki tukun. Yadda kowanne daga cikin malaman nan naki ya rubuta abin daidai ne a gidansu, ita ma takardar da kika ɗauko lambar ba ta yi kuskure ba, a nan ne kawai ban bi bayan sufabaizanki ba. Kin ɗauko lamba ne daga hannun masu wata al'ada kin miƙa wa kod ɗin da masu wata al'adar suka rubuta, shi kuma kod ba ya tambaya, abin da aka ba shi yake niƙawa.

Bari mu faro daga tushe dan ki iya kare kanki gaban duk wanda ya tambaye ki. Lambar nan, wato rifiraktib indes, ɓangare biyu gare ta. n yana faɗin yadda abu ke rage wa haske gudu, ruwa 1.33, gilas wajen 1.5, ƙurarki 1.53. Shi kuwa k yana faɗin yadda hasken ke mutuwa da sauri in ya shiga cikin abin. Abin da nake so ki riƙe da kyau shine k ɗin kansa, a duk abin da ke shanye haske, lamba ce sama da sifili, a wajen masana fiziks haka yake a wajen injiniyoyi ma haka yake, 0.008 ɗin nan naki 0.008 ne a ko'ina. Alamar da ke gabansa ce ake saɓani a kanta, ita kuma wannan alamar ba daga ƙura ta fito ba, daga yadda marubuci ya zaɓi ya rubuta lokaci ta fito.

Ga yadda abin yake. Igiyar haske ta gaskiya, wadda na'ura za ta auna, tana kaɗawa ne sama da ƙasa kamar cos(ωt), inda t lokaci ne, ω kuma saurin kaɗawar. Amma lissafi da cos da sin akwai wahala, shi yasa ake bi ta hanyar Euler, exp(iθ) = cos θ + i sin θ, a yi duk lissafin da exp, a ƙarshe a ɗebi ɓangaren zahiri a bar ɓangaren i. Toh ai cos(θ) da cos(−θ) abu ɗaya ne, kinga kenan exp(+iωt) da exp(−iωt) duk igiya ɗaya suke bayarwa. Ki ɗauki tayar keke an ɗaga ta sama ana juya ta, ke kuma kina tsaye a gabanta daidai saitin faɗin tayar kina kallon bawul, abin da za ki gani kawai bawul yana hawa yana sauka, ko gaba aka juya tayar ko baya hawa da saukar iri ɗaya ce a idonki. Marubuci dole ya zaɓi ɗaya daga cikin juyin nan biyu, kuma da zarar ya zaɓa to duk wani i da zai biyo baya a littafinsa ya ɗauru da wannan zaɓin.

Masana fiziks galibi exp(−iωt) suke ɗauka. Igiyar da ke tafiya gaba ta wajen z sai su rubuta ta exp[i(2π/λ)Nz − iωt], inda N shine cikakkiyar lambar mai ɓangare biyu, λ kuma tsawon zango a sarari, irin zangon nan dai da masu sauraron rediyo suka sani. Saka N = n + ik ki gani. i sau ik ya ba da −k, tunda i sau i mainos ɗaya ne, sai exp(−2πkz/λ) ya fito a gefe, wato igiyar tana raguwa duk sanda z ya ƙaru. Daidai kenan, abin da ke shanye haske haka ya kamata ya yi.

Injiniyoyi kuma exp(+jωt) suke ɗauka, igiya mai tafiya gaba a wajensu ita ce exp[jωt − j(2π/λ)Nz]. Saka N = n − jk. −j sau −jk ya ba da j sau j sau k, wato −k, sai ga exp(−2πkz/λ) ɗin nan dai ya sake fitowa, babu bambancin ko ɗigo. Ki zauna ki yi wannan layi biyun da hannunki a takarda yau ɗin nan, kar ki yarda da ni kawai, minti biyar ya ishe ki kuma ba za ki sake mantawa ba.

Yanzu ki haɗa su a gicciye, lokacin masana fiziks da lambar injiniyoyi: i sau −ik ya ba da +k, sai exp(+2πkz/λ), igiya tana ƙaruwa tana shiga cikin ƙwayar ƙura. Abin da ya same ki kenan. Albedon da kike lissafawa rabo ne tsakanin hasken da aka warwatsa da jimillar wanda aka warwatsa da wanda aka shanye, in shanyewa ta koma mainos dole rabon ya haura 1. Kuma ki gode Allah ƙura kike yi wa aiki kika kuma lura, domin k ɗinta ƙarami ne, sakamakon yana iya fitowa ɗan sama da 1 kaɗan ko ma wasu lambobin su yi kama da na hankali mutum ya wuce da su har cikin babi na huɗu bai sani ba. A ƙarfe abin ba ya ɓuya. Zinare a jan hasken lesa mai zango nanomita 633 yana da n wajen 0.18 da k wajen 3.4, ƙarfin haske kuma yana raguwa ne da exp(−αz) inda α = 4πk/λ, in kika buga za ki ga cikin nanomita 15 kacal hasken ya koma kashi 37 cikin ɗari. In aka juya alamar, fallen zinare mai kaurin nanomita 100 zai nuna miki ya ninka haske sama da sau 800, wannan ko ɗan aji ɗaya ya gani ya san akwai matsala.

Igiya mai ƙaruwa fa akwai ta a duniya, kar ki ce ba ta yiwuwa. Cikin lesa abin da ke faruwa kenan, tun wadda Theodore Maiman ya fara kunnawa a 1960, ana ɗura wa abu makamashi daga waje har k ɗinsa ya koma ƙasa da sifili da gaske, haka ma na'urorin da ke ƙara wa haske ƙarfi a wayoyin faiba na intanet. Amma ƙurar da ta taso daga kwarin Bodele a Chadi iska ta kwaso ta ta zube mana a Kano babu mai ɗura mata komai, sai dai ta sha.

Me ya raba gidajen biyu tun farko? Harafin j dai sananne ne dalilinsa, masu lantarki sun riga sun ba wa i aikin tsayawa a madadin karan ɗin wuta, sai suka ɗauki j. Charles Steinmetz da j ya yi aiki a takardar da ya gabatar a taron masana lantarki na Chicago a 1893, wadda ta taimaka sosai wajen shigar da irin wannan lissafin cikin aikin wutar AC. Da exp(+jωt) ne ake samun jωL ɗin nan na kwayil da kowane ɗalibin lantarki ya haddace, da ɗaya zaɓin sai ya zama −iωL, babu injiniyan da zai yarda ya sake haddar. Su kuma masana fiziks sun saba kallon igiya ta fuskar wuri, suna son z ya zo da alamar tarawa, sannan lissafin Schrödinger ya zo da exp(−iEt/ħ) ya ƙara dasa musu al'adar. Sai dai kar ki ɗauka harafin ne ke faɗa miki gidan da kike. Akwai masu rubuta i amma lokacinsu na injiniyoyi ne, takardar da kika ɗauko 1.53 − 0.008i ai ga ta nan shaida. Shi ma Python j yake amfani da shi a komai, wannan bai ce komai ba game da al'adar wanda ya rubuta kod ɗin.

A fannin naki na warwatsuwar haske ma manyan littattafan a rabe suke. Van de Hulst na 1957 exp(+iωt) ya bi, lambarsa da alamar ɗebewa take, shi yasa har gobe za ki ga masu nazarin ƙura da hayaƙi da gajimare da yawa suna rubuta ta haka. Bohren da Huffman na 1983 suka bi exp(−iωt) da n + ik, kuma kod ɗin Mie da suka saka a ƙarshen littafinsu an kwafe shi zuwa harsunan kwamfuta iri iri, akwai yiwuwar naki jikansa ne. Ko a Python ɗin, PyMieScatt n + ik yake so, miepython kuma a kan n − ik aka gina shi. Littafin Jackson na lantarki da maganaɗisu da na Born da Wolf na ilimin haske duk exp(−iωt) ne, na Pozar da masu mikrowef ke karantawa exp(+jωt). Masu auna siraran fallaye da na'urar elibsomita sai da suka tattauna maganar a taronsu na Jami'ar Nebraska a Amurka a 1968, aka tsaya a kan exp(+iωt) da n − ik, har ana kiranta al'adar Nebraska, amma duk da haka ba kowa ya bi ba. Akwai kuma wani ƙaramin tarko a Born da Wolf, su n(1 + iκ) suke rubutawa, kenan κ ɗinsu k ne da aka raba da n, wanda ya kwashi lamba daga irin wannan rubutun bai ninka da n ba ya yi kuskure ko da alamarsa daidai ce.

Abin ya yi kama da tuƙi. Najeriya da hannun hagu ake tuƙi har zuwa Afrilun 1972 da aka koma dama, Ingila har yau hagu suke bi, kowa yana isa inda za shi lafiya, haɗari sai ranar da aka samu mutum ɗaya ya hau titin wasu da hannun garinsu.

Toh yanzu abin yi. Duk takardar da za ki ɗauki lamba a cikinta, kafin ki kalli tebur ki fara neman inda marubucin ya faɗi yadda ya rubuta lokaci, yawanci jimla ɗaya ce a farkon sashen lissafi, wani lokacin ma a ƙasan shafi take a ɓoye. In bai faɗa ba, duba yadda ya rubuta igiya mai tafiya gaba, ko ki duba wani abu da kowa ya san yana shanye haske, kamar ruwa ko baƙin hayaƙi, ki ga wace alama ya ba shi. Haka za ki yi wa kod ɗin ma, karanta bayanin da ke samansa, in babu ki gwada shi: ba shi 1.5 + 0.1i, ki sake ba shi 1.5 − 0.1i, wanda ya fito da shanyewa sama da sifili da albedo ƙasa da 1 shine yarensa. Wasu kod ɗin ma suna gyara alamar da kansu a ɓoye, in duka biyun suka ba ki amsa ɗaya to irinsu kika samu. Naki dai tunda ya ba ki mainos da 1.53 − 0.008i, ba shi 1.53 + 0.008i shikenan. Sauya gida ba wani aiki ba ne, duk inda i yake a mai da shi −i, amma fa duk inda yake, ba a lamba ɗaya a bar sauran ba.

A furojet ɗin kuma ni shawarata ki bi n + ik, tunda sashen fiziks kike, kod ɗinki haka yake so, sufabaizanki ma haka ya saba. Sai ki rubuta jimla ɗaya a farkon babin lissafi cewa a wannan aikin an ɗauki lokaci a matsayin exp(−iωt), saboda haka N = n + ik kuma k sama da sifili yana nufin shanyewa, sannan inda kika kawo lambar takardar nan ki ce asalinta da ɗaya al'adar aka rubuta ta kin juya ta. Wannan jimlar ita ce garkuwarki ranar difens. In kin je wa sufabaiza kuma ki je da layi biyun nan a rubuce ki ce Malam ga abin da na gano ko za a duba min, cikin ladabi, malami na gari yana jin daɗin ɗalibin da ya zo masa da aiki a hannu.

Akwai wani abu da ya fi damuna a wasiƙarki fiye da alamar ma, shine ita 0.008 ɗin. Tsohuwar ƙima ce da aka daɗe ana yawo da ita, awon da aka yi daga baya ya nuna ƙurar Sahara sau da yawa ba ta kai haka shan haske ba a tsakiyar hasken da ido ke gani, ana samun abin da ya yi ƙasa sosai har wajen 0.001 zuwa 0.003, kuma k ɗin yana canzawa da zango, ya fi girma ta wajen shuɗi saboda tsatsar ƙarfen da ke cikin ƙurar, irin su hematait, ita ce ma ke ba wa ƙasa jan launi. Albedonki kuwa ya dogara a kan wannan 'yar lambar ƙwarai. Tsarin AERONET na hukumar NASA yana da tashoshin awo a yankinmu, akwai a Ilorin akwai a Banizumbu kusa da Yamai, bayanansu kyauta ne a intanet kuma suna ba da n da k na ƙurar da ke sama a zanguna daban daban. In lokaci ya ba ki dama ki gwada lissafinki da ƙima biyu ko uku ki nuna yadda sakamakon ke motsawa, wannan zai ɗaga darajar aikin fiye da yadda kike zato.

TAMBAYA

Salam Malam. Ni aikin sadarwa nake yi, muna kafa dish da eriya. A takardunmu kullum ε′ − jε″ nake gani, amma na buɗe wani littafin fiziks na ga ε′ + iε″ na ruwa. Shin wannan yana nufin lissafin asarar sigina lokacin ruwan sama zai bambanta?

Daga wani injiniya, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam Injiniya, sannu da ƙoƙari. Ba zai bambanta ba ko kaɗan, maganar da na yi wa 'yarmu ta sama ita ce dai a nan, domin ε ɗin, wato lambar da ke faɗin yadda abu ke amsa ƙarfin lantarki, N ne aka ninka da kansa in abin ba mai maganaɗisu ba ne, ε′ = n² − k², ε″ = 2nk. Kai da ka saba da lissafin Maxwell ga inda alamar ke fitowa ƙarara: σE + jωεE, inda σ ke faɗin yadda abu ke barin wuta ta ratsa shi, E kuma ƙarfin lantarkin, in ka fitar da jω waje sai ya zama jω(ε − jσ/ω)E, ga mainos ɗinku nan. Ɗan fiziks kuma σE − iωεE gare shi, ya fitar da −iω ya samu ε + iσ/ω. σ ɗaya ce, asara ɗaya ce. Shi yasa tan δ, wato ε″ a raba da ε′, bai taɓa zuwa da mainos ba a takardar kowa, allon FR4 da ake yin sakit a kai wajen 0.02 ne ko waye ya rubuta.

Duk abin da mita za ta iya aunawa bai san da wannan saɓanin ba, desibel nawa aka rasa a kilomita, kashi nawa ya dawo baya, zafi nawa ya taru. Dubi lissafin hasken da ke dawowa in ya faɗa a miƙe, [(n − 1)² + k²] a raba da [(n + 1)² + k²], k ɗin a ninke yake da kansa, alama ta ɓace. Inda za ka yi hattara shine kusurwar fes, wato yadda igiya ɗaya ke gaba ko bayan wata a kaɗawa, wadda ke gaba a gida ɗaya alamarta a juye take a ɗaya gidan, sai kuma in kana haɗa sofwaya biyu, domin HFSS da CST da COMSOL lokacin injiniyoyi suke bi, Lumerical da Meep kuma na masana fiziks.

Ruwan sama kuwa dalilin da ya sa yake kashe muku hoto yana cikin ε″ ɗin nan. A 2.45 GHz da murhun mikrowef ke aiki ruwa yana wajen 78 − j10, igiyar tana shiga kusan santimita biyu kafin ƙarfinta ya faɗi zuwa kashi 37 cikin ɗari. In aka hau 12 GHz inda dish ɗin Ku yake, ya koma wajen 55 − j35, ɓangaren asarar ya ninka fiye da sau uku, ga shi kuma zangon ya gajarce zuwa santimita biyu da rabi har girman ɗigon ruwan ya fara zama abin lissafi, yana sha yana kuma warwatsawa. Manyan dish ɗin C da ke wajen 4 GHz shi yasa suka fi jure damina. Wani abu kuma tunda eriya kake kafawa, in aka ce igiya mai juyin dama ko juyin hagu, ƙa'idar IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, daga bayan igiyar take kallo tana tafiya, tsofaffin littattafan ilimin haske kuma daga gaba suke kallo tana tahowa, damar wannan hagun wancan ce. Wannan saɓani ne na daban da na alamar j, amma ya fi shi saurin jawo asarar kuɗi in aka yi odar kaya.

TAMBAYA

Malam barka da war haka. Ina digiri na biyu, na kiyaye al'ada ɗaya tun daga farko har ƙarshe, exp(+jωt), amma da na lissafa hasken da ke fita daga gilas zuwa iska a kusurwa mai faɗi sai lambobin suka yi ta hauhawa har kwamfuta ta ce sun fi ƙarfinta. Ina na kauce?

Daga wani ɗalibi, Zariya

AMSA

Barka kadai ɗana. Ina kyautata zaton ba kai ka kauce ba, sikwaya rut ne ya zaɓar maka hanya ba da saninka ba. Kowace lamba tushe biyu gare ta, ɗaya kishiyar ɗaya, kwamfuta kuma ɗaya take miƙo maka bisa ƙa'idarta, ba ruwanta da fiziks. Daga gilas mai 1.5 zuwa iska, da zarar kusurwa ta wuce wajen digiri 42 haske ba ya fita, gaba ɗaya yake komawa ciki, abin da ke leƙowa waje wata 'yar igiya ce da ke mutuwa nan take a bakin gilas ɗin. A lissafi abin da ke ƙarƙashin rut ɗin ya koma mainos kenan. Ka gwada a numpy, kayan lissafi na Python, rut ɗin −4 + 0j zai ba ka +2j. Ɗan fiziks wannan ya yi masa daidai, exp(i sau 2i sau z) ya zama exp(−2z), tana mutuwa. Kai kuwa exp(−j sau 2j sau z) gare ka, wato exp(+2z), ga hauhawar da ka gani. Kai −2j kake buƙata. Maganin layi ɗaya ne bayan kowane rut: duba ɓangaren j, in ya fito sama da sifili a al'adarka ka ninka lambar duka da −1. Wasu suna ɗan ƙara wa iskar asara 'yar mitsitsiya dan rut ɗin ya faɗa gefen da ya dace da kansa, yana aiki, amma ni na fi son a rubuta sharaɗin a fili kowa ya gani.

Irin wannan ne ya sa aka sha muhawara a kan abubuwan da n ɗinsu ke ƙasa da sifili, waɗanda Victor Veselago ya yi hasashensu a 1967 aka kuma gina na farko a San Diego wajen 2000 zuwa 2001. Ɗauki ε = −1 + 0.1i da μ = −1 + 0.1i, μ ita ce takwarar ε ta ɓangaren maganaɗisu, a al'adar fiziks, dukansu masu asara ne. Ninka su ka samu 0.99 − 0.2i, kwamfuta ta ba ka rut 1 − 0.1i, wanda ke cewa abin yana ƙara haske, alhali amsar gaskiya ɗaya tushen ne, −1 + 0.1i. In ka ɗauki rut ɗin ε daban na μ daban sannan ka ninka, daidai zai fito maka.

In da numpy kake aiki ga ƙari: fft ɗinsa, wato mai rarraba sigina zuwa igiyoyin da ke cikinta, yana ɗaukar sigina a matsayin tarin exp(+jωt), wato a gidanku yake, kai ba ka da matsala da shi. Abokinka na fiziks da zai ciro n da k daga siginar da ya auna a kan lokaci shine zai ga k ɗinsa ya fito a kife in bai juya alamar ba, ka faɗa masa tun kafin ya kai wa malaminsa. In ka gyara layin rut ɗin abin bai daina hauhawa ba, ka sake rubuto min tare da kusurwar da sauran lambobin da ka saka, mu bi shi tare.